Ranar da Aka Yi wa Lambu Saisaye

Duk unguwar babu mai kiransa da sunan da iyayensa suka raɗa masa. Saisaye ake ce masa, tun yana saurayi a shagonsa na aski da ke bakin tasha. Dalili kuwa, ko wane irin aski ka shigo da shi a bakinka, sai ya zaunar da kai, ya ɗaura maka ƙyalle a wuya, ya leƙa ƙeyarka, ya ce, "Saisaye dai ya fi maka kyau." Ka yi musu, ka nuna hoto, ka rantse, da saisayen za ka fita, kuma wata mai zuwa ka dawo da ƙafarka.

Mutum ne mai sanyin hali. Ba ya faɗa, ba ya cin naman mutane, ba ya shiga abin da babu ruwansa. Aibinsa ɗaya ne tak: idonsa ba ya jure ganin wani abu ya fi ɗan'uwansa tsawo. In an zauna taron dangi ana maganar da ta tayar wa kowa hankali, shi nasa hankalin yana kan gashi ɗaya da ya leƙo daga kunnen surukinsa. In ya hau bas kujerar baya yake nema, wai ya fi son iska, alhali ƙeyoyin bayin Allah yake dubawa yana girgiza kai.

Da gwiwoyinsa suka fara ƙin tsayuwa, mai ginin kuma ya mayar da jerin shagunan wurin sayar da waya, sai Saisaye ya kwaso kujerarsa da madubinsa da almakasansa ya dawo gida. A nan aka gane ashe shagon nan rufin asirin gidan ne. Makon farko ya daidaita bakin tsintsiya. Ya sake daidaitawa, ya kuma sake, har ta kai sai an durƙusa kafin a yi shara da ita. Ya bi gezar labule, ya bi ta kafet, buroshin goge takalmi ma bai tsira ba. Kyanwar maƙwabta da ta saba kwanciya a tagarsu ta zo wata safiya, ta koma gida da gashin baki guntu-guntu, ba ta sake tako gidan ba.

Wuri ɗaya ne aka haramta wa almakashinsa, wato lambun matarsa. 'Yan unguwa Mai Fure suke ce mata, shi kuwa Maman Auta yake kiranta. Lambun ɗan fili ne a bayan kicin, katanga ta zagaye shi, akwai famfo a kusurwa ɗaya da tankin ruwa a ɗayar, sai 'yar ƙofar katako mai kwaɗo. A shekararsu ta farko da aure, ta je kasuwa ta dawo ta tarar ango ya yi wa bishiyar wardinta gyara, don ya faranta mata. Ba ta yi kuka ba, ba ta tafi gidansu ba. Kwaɗo kawai ta sayo. Tun daga ranar iyakarsa dokin ƙofar kicin, nan yake ajiye 'yar kujera ya sha shayinsa yana kallonta tana aiki.

Aiki kuwa tana yinsa. Kafin sanyi ya shigo take binne wasu ƙwayoyi masu kama da albasa, waɗanda ta samo irinsu wurin yayarta marigayiya. Masu albasa take ce musu, furensu rawaya ne, su ne na farkon buɗewa. Sauran kuma iri take shukawa a layi-layi. Da sanyi ya ja baya, ƙasa ta yi ɗumi, bazara ta kawo kai, sai ka gan ta da sassafe tun raɓa ba ta bushe ba, da bokiti rabi da ruwa, tana yanka tana tsomawa. Ta ajiye bokitin a inuwa su sha ruwa, ta tafi wani aikin. Can ta ɗauko shuɗin tulunta na tangaran ta fara jerawa: ganye tukuna, sannan manya, sannan ƙanana su cike gurbi. Wannan ya karkata hagu, wancan ya leƙo ta bakin tulun, ɗaya kuma dogo ya miƙe shi kaɗai kamar ɗalibin da aka kira sunansa a aji.

Kowa ya shigo falon sai ya yaba. Saisaye kuwa ciwon kai abin yake sa shi.

"Maman Auta, wancan na tsakiyar bai yi tsawo ba?"

"Haka ake so."

"Wa yake so?"

"Ni."

Sai ya juya kujerarsa ya ba tulun baya ya ci abincinsa. Haka suka yi ta zama har furfura ta cim musu, ba wanda ya ci wani.

A ƙarshen sanyin bana ne santsin banɗaki ya kwashe Mai Fure, ƙashin ƙugunta ya karye. Aka yi mata aiki, aka ce sai ta jima tana zuwa gashin ƙashi kafin ta taka da kyau. Auta, 'yarsu ta ƙarshe, tana haya a ƙasan wani bene kusa da asibitin, sai ta ɗauke uwar ta kai ta wurinta. Auta yarinyar kirki ce, amma irin mutanen nan ne da in ka ce musu kana jin ƙishirwa za su fara tsara maka yadda za a haƙa rijiya. Kafin uwar ta fara zama da kanta, ta riga ta gano cewa gidan da ke kallon nata babu kowa, ta yi magana da mai shi, ya yarda ya jira har a sallami Mama daga gashin ƙashi. Gida ne tsaf, babu matakala, banɗakinsa da ƙarfen riƙewa, tsakar gidansa siminti ne daga bango zuwa bango.

Ranar da Saisaye ya zo dubiya Auta ta fito da maganar.

"Mama, likita ya ce ba ke ba durƙuso. Baba kuwa ko shayi zai haɗa sai ya bugo waya ya tambayi inda sukari yake. Ku saki gidan can ku dawo kusa da ni. Lambun nan wa zai kula da shi?"

Mai Fure ta ce, "Ga shi nan zaune."

Saisaye ya waiga bayansa don ya ga da wa ake.

"Da kai nake, Malam." Ta laluba ƙarƙashin matashi ta ciro ɗan makulli. "Ke kuma ki saurara. In ya kawo mini fure daga lambuna, a cikin shuɗin tuluna, kafin ranar da za a sallame ni, gida za mu koma. In bai kawo ba, na bi ki, ba zan ƙara cewa komai ba."

Auta ta yi dariya ta ce ta yarda, don a ganinta an riga an gama.

Mai Fure ba ta saki makullin ba sai da ta riƙe hannunsa. "Ruwa kawai, Malam. Ruwa, sai ciyawa in ka tabbata ciyawa ce. Kar ka gyara komai. Ko ka ga abu ya karkace, ka bar shi a karkacensa."

Ya dawo gida da makullin a tafin hannu, bai yarda ya sa a aljihu ba. Ya ji daɗi ƙwarai, don tun da aka rufe shago ba a ba shi amanar ko allura ba. Tsoro kuma ya kama shi, don ya san matarsa. In aka zaunar da ita a tsakar simintin nan ba za ta yi ƙorafi ba, shiru za ta yi, kuma shirun nan ne ba ya so ya gani.

Da yake ya san halinsa, bai kwanta ba sai da ya tattara almakasansa kaf ya naɗe a tawul ya kai wa maƙwabcinsa Direba, wanda ya yi rayuwarsa yana jan babbar mota, yanzu kuma ba shi da aiki sai leƙe ta katanga. Ya ce, "Ko na zo ina kuka kar ka ba ni." Guda ɗaya ne bai shiga tawul ɗin ba, ɗan ƙarami na gyaran gashin baki, wanda ke aljihun gaban rigarsa. Har gobe ya ce mantawa ya yi, kuma babu mai hujjar ƙaryata shi.

Kwanakin farko lafiya lau. Ya buɗe kwaɗo, ya tsallake dokin ƙofa da bismillah, ya ba da ruwa, ya fito ya rufe. Amma bazara ba ta san da wani alkawari ba. Rana ta yi ɗumi, aka yi ɗan yayyafi, lambu ya tashi gaba ɗaya babu tsari. Masu albasa suka zuro dogayen kara daga tsakiyar ganye, kowane da ɗan ƙululu kore a kansa. Na layi kuma wani ya kai gwiwa, wani bai wuce idon sawu ba. Saisaye ya koma ba da ruwa idonsa a kan katanga. Daga baya ya gwada rufe ido, ya jiƙa takalminsa sharkaf.

Wata safiya yana tsaye da tiyo, sai ga wani kara kusa da famfo ya zarce kowa, ya ɗan lanƙwaso yana rausaya a daidai fuskarsa. Ya matsa, karan ya bi shi da iska. Hannunsa ya kai aljihu ba da izininsa ba. Ya ce a ransa, wannan ɗaya dai, ai ba gyara ba ne, taimako ne.

Ƙit.

Duk wanda ya taɓa riƙe almakashi ya san abin da ya biyo baya. Da dogon ya tafi, na kusa da shi ya zama dogo. Da shi ma ya tafi, sai layin hagu ya fi na dama. Gwiwoyin da suka ƙi tsayuwa a shago suka manta da ciwo. Ya ciro mataji yana tayar da ganye yana datsewa, ya ja baya ya karkata kai, ya dawo ya cire 'yar tsinin da ta rage, har da ɗan waƙe-waƙensa na da. Kafin rana ta take, lambun Mai Fure ya kwanta lif daga famfo har tanki, ko'ina tsawo ɗaya, gefe-gefe an fitar da layi. Ya shiga ɗaki ya ɗauko madubin hannu, ya fito ya riƙe shi ta bayan layin ƙarshe, kafin ya tuna babu wanda zai duba ya ce ya yi.

A haka Direba ya leƙo ya same shi, da madubi a hannu da guntuwar tsintsiya yana tara abin da ya zubo.

"Mutumina, sannu da aiki. Ina kawunan?"

"Waɗanne kawuna?"

"Waɗancan ƙululun da ke cikin shararka. Ai su ne furen. Matata ta ce su ne ke buɗewa."

Saisaye ya sunkuya ya ɗauki ɗaya, ya ɓare shi da farce. A ciki, a nannaɗe, ga rawaya nan shar, saura kaɗan ya fito duniya. Ya ɓare na biyu, haka. Ya zauna a bakin famfo.

"Za su sake fitowa, ko?"

Direba ya ɓace daga kan katanga, aka ji yana tambayar matarsa, ya dawo. "Ta ce masu albasa sau ɗaya suke yi a shekara. Ta kuma ce in gaya maka Allah Ya ba ka haƙuri."

Shi Direba kowace matsala ta duniya safaya ce maganinta. Nan take ya kawo shawara: a je wurin mai sayar da fure a bakin kasuwa, a sayo rawaya, a zuba a shuɗin tulu, a kai. Mota ta tashi, an wuce wurin.

Saisaye ya girgiza kai. "Na yi aski tun ba ka fara tuƙi ba, ban taɓa ɗora wa mutum gashin aro ba. Ban da haka, matar nan ta san furenta ɗaya bayan ɗaya. Ko a duhu ka miƙa mata na kasuwa sai ta tambaye ka ɗan gidan wane ne."

"To me za ka yi?"

Abu ɗaya ya sani da ake faɗa wa mutum in hannu ya zarce, kuma ya faɗa wa mutane da yawa a rayuwarsa. Ya dubi lambun ya ce, "Zai fito."

Ranakun dubiya suka zama masa ranakun shari'a. Ba ya iya ƙarya, ba ya kuma iya faɗin gaskiyar, sai ya riƙa bin tsakiya yana gumi.

"Malam, dogon nan na kusa da famfo ya buɗe?"

"Ya natsu dai."

"Masu albasa fa?"

"Ganyensu kore shar, sai kin gani."

"Ba ganye na tambaye ka ba."

"Auta, ƙara mini ruwan nan mana."

Mai Fure ta kan bi shi da ido kawai. Auta kuwa har ta fara auna tagogin sabon gida don labule, tana tambayarsa ko kujerar askin nan dole ne a taho da ita.

A gida ya duƙufa. Abin da ya iya da abin da bai iya ba duk ya haɗa. Ya ba da ruwa a gindi, ba a ka ba, don ya tuna haka take yi. Ya tsuguna yana cire ciyawa, kuma sai ya tarar ya san wadda take cirewa da wadda take bari, ko da yake ba a taɓa koya masa ba. Ya ga ƙananan ƙwari a bayan ganye, ya ɗauko kwalbar fesa ruwa ta shago ya zuba ruwan sabulu ya bi su. Da yake kuma bai saba aiki a kan kai ba tare da hira ba, ya riƙa ba su labarin gari: an ɗauke wuta jiya, an canza wa bas hanya, ɗan wane ya dawo daga tafiya da wani aski abin kunya. Direba ya gaya wa matarsa cewa kaɗaici ya fara taɓa maƙwabcinsu.

Masu albasa dai ba su yafe ba. Ganye suka yi ta yi, ganye zalla. Amma na layi, waɗanda aka shuka da iri, suka yi abin da bai zata ba. Duk inda ya datse kai ɗaya, sai reshe biyu ko uku suka fito ta gefe, kowane da ƙululunsa. Suka yi gajeru, suka yi cunkus, suka makara, amma suka zo. Ja, fari, ruwan hoda, shuɗi-shuɗi, lambun ya cika har ƙudan zuma suka dawo. Saisaye bai ɗauki wannan a matsayin gwanintarsa ba, ya san sa'a ce aka rufa masa asiri da ita. Kuma rawayar da aka tambaye shi babu ita.

Ana gobe za a sallami Mai Fure, matajinsa ya faɗa bayan tankin ruwa. Ya durƙusa da ƙyar ya leƙa. A can lungu, inda rana ba ta cika kaiwa ba, wata mai albasa ɗaya ta fito a makare. Neman haske ya sa karanta ya yi tsawo fiye da kima, ya karkace kamar wuyan buta, ƙululun kansa ya fara tsagewa, rawaya ta leƙo. Ranar aski tanki ne ya kare ta. Ya daɗe a durƙushe yana kallonta, har ya manta da matajin.

Da sassafe, raɓa ba ta bushe ba, ya fito da bokiti rabi da ruwa. Ya karɓo babban almakashinsa wurin Direba, wanda sai da ya sa shi ya rantse sau biyu. Ya yanka kowane kara a karkace, ba a miƙe ba. Ya zaɓi waɗanda suka fara buɗewa, ya bar waɗanda suka gama. Ya tsige ganyen ƙasa don kar su ruɓe a ruwa, ya tsoma nan take, ya kai bokitin inuwa. Sai da ya zauna a 'yar kujerarsa yana jira su sha ruwa ya gane daga ina ya san duk wannan. Shekara da shekaru yana zaune a dokin ƙofar nan, yana cewa shayi yake sha, ashe ita yake kallo.

Jerawa ce ta gagare shi. Ya sa ganye, ya sa manya, ya cike da ƙanana, ya karkatar da wannan hagu kamar yadda take yi. Ya ja baya ya duba, abin ya tsaya masa a wuya. Ya ce bari ya rage wannan kaɗan. Ya wargaza ya sake jerawa, ya sake ragewa. Duk niyyarsa ya yi nata, hannunsa kuwa nasa ya sani. Da ya farga, furannin sun taru a bakin tulu, kai ɗaya, a shafe, a cike, kamar sabon buroshi. Karan sun gajarce har babu sauran abin gyarawa.

Saura rawayar a bokiti ita kaɗai. Ya ɗauko ta ya soka a tsakiya. Ta miƙe sama da kowa da fiye da taƙi guda, ta karkata wuya gefe tana kallon taga. Yatsunsa suka fara motsi. Ya sa hannun a aljihu, ya ji ɗan almakashin gashin baki, ya zare hannun da sauri ya rungumi tulun da hannu biyu, ya fita ko hula bai gyara ba.

A cikin bas ya sha wahalar da bai taɓa sha ba. Duk ramin da aka faɗa, rawayar sai ta kaɗa ta shafi hancinsa. Wata mata da ke kusa da shi ta yaba furannin, sannan ta ce, "Baba, amma wannan ɗayan ya yi tsawo. Da ka rage shi kaɗan ya yi daidai da sauran."

Saisaye ya rufe ido. Gumi ya keto masa. Ya ce, "Haka ake so."

Ya tarar da Mai Fure zaune a kujera da sandarta a gefe, an haɗa kayanta a jaka. Auta na tsaye da makullin sabon gida a hannu. Ya yi sallama, ya ajiye tulun a kan tebur, ya koma gefe ya tsaya kamar mai jiran hukunci.

Auta ce ta fara dariya, har da riƙe ciki. "Baba, wannan fure ne ko kan ɗan makaranta?"

Mai Fure ba ta yi dariya ba. Ta jawo tulun, ta ɗora tafin hannu a kan furannin ta shafa, ta ji su lif. Ta zaro ɗaya ta duba gindin karan, ta ga yankan a karkace, babu ganye ko ɗaya a ruwa, ta mayar. Ta ƙirga rassan wani da yatsa.

"Malam, ka yi wa lambuna aski."

"Saisaye ne kawai."

"Masu albasar Yaya fa?"

Ya sunkuyar da kai. "Sai baɗi. Ganyen na nan, ban taɓa gindin ba."

Ranta ya ɓaci, ba ta kuma ɓoye ba. Furen yayarta ne, shekara guda take jiransu. Auta ta daina dariya, ta matso ta dafa kafaɗarta.

"Mama, kin gani ai. Ruwa kawai kika ce. Ba laifinsa ba ne, halinsa ne, ba zai iya bari ba. Mu shiga ki ga ɗakinki."

Mai Fure ba ta motsa ba. Rawayar take kallo, wadda ta gama buɗewa a hanya. Ta kai yatsa ta taɓa karkataccen wuyan.

"Wannan fa? Tsere maka ta yi?"

"A lambu tsere mini ta yi, tana bayan tanki. A tulu kuwa ni na bar ta."

"Da idonka a buɗe?"

"Wani lokacin."

"Ba ka da almakashi ne?"

Ya sa hannu a aljihun gaba ya ciro ɗan ƙaramin, ya ajiye kusa da tulun.

"Tun daga gida har nan, yana aljihunka?"

"Har wata mata a bas ta ce in rage."

Sai a lokacin dariya ta ƙwace wa Mai Fure. Ta yi ta yi tana cewa wayyo ƙuguna, hawaye na zuba, ba a san na dariyar ba ne ko na wani abin. Da ta lafa, ta share ido da gefen mayafi ta juya wurin 'yarta.

"Auta, mayar wa mutumin nan makullinsa, ki yi masa godiya. Fure na ce, daga lambuna, a tuluna, ga shi. Na zauna da babanki tun ba a haifi yayyenki ba, ban taɓa ganin ya bar ko zare ɗaya ya fi ɗan'uwansa ba. Yau ya ɗauko wannan tun daga gida. Ɗauko mini jakata."

Auta ta buɗe baki, ta dubi uban yana tsaye da jiƙaƙƙiyar riga da ƙasa a gwiwar wando, ta rufe. Ta ɗauki jakar.

Yanzu in ka bi ta bayan gidan da sassafe za ka ji su. Likita bai janye maganarsa ba, Mai Fure ba ta durƙuso. 'Yar kujerar nan ta dokin ƙofar kicin ita ke zama a kai, da kofin shayi da sandarta, da ita take nuni. Saisaye yana ciki da bokiti. An cire kwaɗon, yana rataye a ƙusa ya fara tsatsa. Da lokacin kaka ya zo, Mai Fure ta sa shi ya haƙo masu albasa ya raba su ya sake binnewa, har da wasu a bayan tanki, wai don ko ta kwana.

"Wancan jan, Malam. Can ƙasa za ka yanka, ka bar masa tsawonsa."

"Ya fi sauran fa."

"Na gani."

Ya yanka a inda ta nuna, ya tsoma a bokiti. Da rana tulun yana kan tebur, wannan ya karkata, wancan ya leƙo, ɗaya dogo a tsakiya. Saisaye yana cin abincinsa yana fuskantarsa, ko da yake hannunsa na hagu Mai Fure ce ke riƙe da shi har a gama.